Tarin da Lado Ya Haɗiye

Zariya, 7 ga Maris, 1977

Zuwa ga Kawu Sama'ilu, Kazaure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Uwa da duk mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau, sai gajiyar aikin asibiti. Rabona da ganinka tun ina 'yar makaranta, amma mahaifiyata ba ta rasa ambatonka, kullum sai ta ce kakanku ɗaya kuma kai ne babba a dangi.

Wannan takarda za ta zo maka ta hannun 'yarka Shatu, tare da mijinta Lado, ɗan gwaggona. Yau aka sallame shi. Ƙarin nan da ya fito masa a ƙirji sankara ce. Likita ya cire shi tare da haƙarƙari uku na dama, ya toshe gurbin ya ɗinke, kuma yana kyautata zaton ya kwashe duka. Aikin wuƙa ya ƙare. Saura na numfashi, shi kuwa a gida ake yinsa.

Na ji daɗi da ka ce a sauke shi gidanka maimakon rugarsu ta Gwiwa, tunda kuna kusa da ɗakin shan magani. Na ba Shatu kwalba da 'yar roba. A zuba ruwa rabin kwalbar, ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya hura ta robar har ruwan ya yi kumfa, sau goma, safe da rana da yamma. Bayan haka ya rungume matashi a kan ɗinkin, ya yi tari da ƙarfi ya fitar da kaki. Ya kuma tsaya a gaban bango ya riƙa hawa da yatsun hannun dama har inda zai iya, sannan ya riƙa takawa a tsakar gida. Duk da zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in bai yi ba, majina za ta taru a huhu ta kawo zazzaɓi, kafaɗar kuma ta ƙage, ya rasa hannun riƙe sandar kiwo.

Na san halin taubashin nan nawa, taurin kai gare shi kamar bijimin garkensu. Don Allah Kawu ka sa masa ido da kanka, kada a bar shi shi kaɗai.

'Yarka, Rahamatu.

Kazaure, 21 ga Maris, 1977

Zuwa ga 'yata Rahamatu.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da ya fara shigowa. Uwa tana gaishe ki, ta ce ki gai da mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka bisa ɗawainiyar da kika yi.

Baƙinmu sun iso lafiya. Na sauke yaron a sabon ɗakin da na gina bara, na siminti mai rufin kwano, bango ɗaya da turakata. Gadon ƙarfe da katifa sababbi ne, ba wanda ya taɓa kwana a kai. Takardarki na karanta sau biyu, kuma ban ba kowa aikin nan ba. Na sa kujerata a bakin ƙofarsa, daga hantsi ina nan zaune har a kira magariba.

To, albishirinki. Yau kwanansa goma sha huɗu, ban ji ya yi tari ko sau ɗaya ba. Ko nishi ban ji ba. Yana kwance lamo, fuskarsa ga bango. Masu zuwa dubiya har mamaki suke, jiya wani dattijo ya ce, "Malam Sama'ilu, wannan da aka cire wa haƙarƙari uku? Lalle ka samu suruki, ɗan Fulani ne na gaske." Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ina ganin likitanku ya iya aiki har ba a bukatar sauran wahalar da kika lissafa.

Kwalbar tana kan tebur, kullum a wanke. Abu ɗaya ne ke damuna, abinci yadda aka kai haka yake fitowa. Ko maganin da kuka ba shi ne yake toshe ciki? Na sa Uwa ta tambayi yarinyar, don kin san ita ce ta fari, ba ma haɗa zance da ita. Ta ce ba komai.

Naki, Sama'ilu.

Zariya, 2 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Kawu.

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa tun daga farko.

Takardarka ta yi kwana goma sha ɗaya a hanya, sai jiya ta iso. Na buɗe ta ina murna, na rufe ta hankalina a tashe. Kawu, wannan ba albishir ba ne. Mutumin da aka buɗe wa ƙirji, in ya yi sati biyu bai yi tari ba, ba warkewa ya yi ba, cika yake yi. Majinar tana nan a ciki, ba inda ta tafi. A nan asibiti da kaina nake tsayawa a kansa, yana tari yana zagina, yana cewa ni mayya ce, kaki yana fita. Ranar da ya tafi yana tayar da kumfa har wuyan kwalba. Yanzu a ce mini kwalba tana kan tebur a wanke? Ai ban ba da ita don ado ba.

Allah ya ba ka haƙuri, ni ƙarama ce, amma awa biyar aka yi ana aiki a kan Lado, mutum biyu suka ba shi jininsu. Ba mu yi haka don a kwantar da shi a sabon ɗaki 'yan dubiya su zo su yaba siminti ba. Ni ban damu da abin da dattijon nan ya ce ba. Ranar da huhun ya ruɓe, shi zai zo ya hura masa iska? Da na san haka za a yi, da na bar shi ya tafi ruga, ko ba komai shanu za su sa shi tashi.

A tashe shi yau, ba gobe ba. In jikinsa ya yi zafi a kira malamin ɗakin shan magani maza. Kuma don girman Allah a ƙara sa ido.

'Yarka, Rahamatu.

Kazaure, 13 ga Afrilu, 1977

Rahamatu,

Na amsa gaisuwa. Mu lafiya, ban da shi mara lafiyan.

Shekara talatin na yi ina akawu a En'e, Turawa ma ba su taɓa rubuto mini irin takardar da kika rubuto ba. Ni zan kwantar da mijin 'yata don a yabi siminti? Da ina neman yabo, ai da na ba da hayar ɗakin ga ma'aikatan da suka cika garin nan, in huta. Ashe haka boko yake mayar da yaro, ya zauna a Zariya yana yi wa tsoho faɗa ta gidan waya.

Ki saurara ki ji. Tun kafin takardarki ta iso zazzaɓi ya rufe shi, ban jira umarninki ba na kira Malam Mamuda na ɗakin shan magani. Ya ɗora abin saurarensa, ya ce gefen dama ya cushe, ya yi masa allura kwana biyar. Zazzaɓin ya sauka, amma numfashin sama-sama yake, kamar na kaza a rana. A nan kam maganarki ta fito, ban musa ba.

Amma a ce ba a sa ido? Da kika ce a ƙara, na ƙara. Yanzu tun da aka idar da sallar asuba nake kafa kujera. Azahar da la'asar a bakin ƙofar nake shimfiɗa buzu. An yi sunan jikan abokina a Babura, ban je ba. Gonata ta Roni ba a yi mata sharar daji ba har yau. Har abin da ba a yi na yi, na yi gyaran murya na leƙa na tambaye shi baki da baki, na ce, "Yaro, ana hura kwalbar kuwa?" Ya zamo daga kan gado da wannan ɗinki nasa, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Ana yi, Baffa." To me kike so in yi, in ce surukina ƙarya yake?

In akwai wanda ya fi ni iya jinya a dangi, ki faɗi sunansa.

Sama'ilu.

Zariya, 22 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Kawu Sama'ilu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Maganar siminti ban kyauta ba, na janye ta. Amma har yanzu a fusace nake, sai dai yau rabin fushin da kaina nake yi.

Shekaranjiya wata mata ta neme ni a asibiti, sunanta Mairo, maƙwabciyar su Shatu ce a Gwiwa, ta kawo mahaifiyarta ganin likitan ido. Ta biyo ta gidanka dubiya, Shatu ta ja ta bayan rumbu ta ba ta saƙon baki, tana kuka. Ga saƙon, yadda aka faɗa mini. Lado ya ce gara a fitar da gawarsa daga gidan nan da ya yi kaki a kunnen surukinsa. Ya ce ba zai zauna yana wasa da kumfa kamar yaron goye, uban matarsa yana kallo ba. In tari ya taso masa, cusa bakin riga yake yi a baki ya danne, har idonsa ya yi ja. Abincin ma ba magani ne ya toshe masa ciki ba, wa ya taɓa ganin ya ci tuwo a gaban suruki? Ɗan abin da yake samu sai ka zaga bayan gida, Shatu ta miƙa masa da sauri. Ko ka tashi ma, bango ɗaya ne tsakaninku, yana jin motsin carbinka.

Ita kuma Shatu ba ta iya tararka da maganar, ita ce 'yar fari. Ta gaya wa Inna Uwa, Inna ta ce ita ba za ta iya ce wa maigida ya tashi daga ƙofar ɗakin da ya gina ba. Mutum huɗu a gida ɗaya, uku sun sani, kowa yana jin nauyin wani, shi kuwa huhu ba ruwansa da kunya.

Ni ce babbar mai laifi. A cikin wannan al'ada aka haife ni, amma na ɗauki biro na rubuta maka ka sa ido da kanka, kamar wata baƙuwa. Da abin ya ɓaci na sake cewa a ƙara. Kai kuwa ka yi abin da na ce, har ka wuce.

Ka ce in faɗi wanda ya fi ka iya jinya. Babu. Amma akwai wadda ba ya jin kunyarta, kakarsa Dela ta Roni, wadda take kiransa mijinta tun yana tsumma. A gabanta zai yi tari, zai yi ihu, zai yi kuka in ya ga dama. Malam Mamuda yana iya leƙa shi ranar kasuwa. Kawu, ka sake shi ya tafi.

'Yarka, Rahamatu.

Kazaure, 2 ga Mayu, 1977

Rahamatu,

Gaisuwarki ta iso, da neman gafarar. Na yafe ta farko, amma kin zo da wadda ta fi ta.

Ashe ni ne cutar. Madalla. In ɗauki mara lafiya daga ɗakin siminti in kai shi bukkar tsohuwar da ko ƙyaure ba ta da shi, kaji suna kwana a ƙarƙashin gadonta? Kin san abin da za a ce a garin nan? Za a ce Sama'ilu ya gaji da ciyar da suruki ya kore shi da ɗanyen ciwo. Ke kina Zariya, ni ne zan shiga masallaci a bi ni da kallo. Kuma maganar da ta bi ta bayan rumbu, ta bi ta bakin maƙwabciya, ta hau mota har Zariya, sannan ta dawo mini da kan sarki a manne, alhali tsakanina da masu ita taku biyar ne! Wannan wane irin wulaƙanci ne? Ba inda za shi.

4 ga Mayu

Ban kai takardar nan gidan waya ba, ga dalili. Jiya da hantsi na ce za ni kasuwa, na fita kowa yana gani. Na kai bakin titi na juyo. Na cire takalmi a zaure, ban yi gyaran murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na kafa gida. Yaron ba ya ɗaki. Na same su a bayan garken tumaki, yana durƙushe a cikin kashin dabbobi, ya rungume matashi, ya tura fuska a cikinsa yana tari a ɓoye kamar ɓarawo, yarinyar tana dafe da bayansa. Sai ya ga ƙafata. Rahamatu, a gabana ya haɗiye shi. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, leɓensa ya yi baƙi, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma haka ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da dawowa, Baffa."

Na juya da baya. Na fita na nemo mota. Yau da safe suka tafi Roni, da kwalbarki da matashinsa. Na so in haɗa musu da gadon ƙarfe, Uwa ta ce ba zai shiga ƙofar Dela ba.

Kada ki rubuto ki ce kin faɗa.

Sama'ilu.

Kazaure, 20 ga Yuni, 1977

Zuwa ga 'yata Rahamatu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Takardarki mai layi uku ta iso tuntuni, na ga kin iya gajarta magana in kin so. Ban amsa ba don ba ni da abin faɗa sai yanzu.

Abin da na ce za a faɗa, an faɗa. Dattijon nan da ya yabi surukina, shi ne ya fara. A bakin masallaci ya ce da ni, "Malam Sama'ilu, ashe jinya ta yi tsawo? Ai da ka yi magana, da mun taimaka da hatsi." A gaban mutane! Ni da rumbuna biyu ba a taɓa ba. Na yi shiru, don in na yi bayani sai na tona abin da na gani a bayan garke, shi kuwa ba nawa ba ne. Har yau wasu gaisuwarsu ta canja. Abin yana cina, ba zan ɓoye miki ba.

Malam Mamuda yana kawo mini labari duk sati, ya ce gefen dama ya buɗe, iska tana kai wa har ƙasa. Amma ni ban saba yarda da rahoton da ban duba ba. Ranar Asabar na je Roni ganin gona, na riƙo kwalbar zuma, na bi ta gidan Dela da la'asar. Tun daga nesa na ji hayaniya. Na tsaya a jikin danga, na leƙa ta inda zana ya ɓalle.

Yana zaune a kan turmi, ba riga, tabon nan a fili tun daga hammata har tsakiyar ƙirji, gurbin ya ɗan loɓa. Kwalba tana hannunsa, tsohuwa tana tsaye a kansa da muciya. Tana cewa, "Hura, mijin banza! Wannan ce kumfar? Ko ɗan akuya ya fi ka iska. In ba ta kai wuya ba yau, gobe alƙali zai raba mu."

Ya cire robar ya ce, "Ke tsohuwa, in na sake ki wa zai kwasa? Haƙori biyu gare ki, ɗayan ma aro ne."

Ta kai masa muciya, ya kauce yana dariya, dariyar ta zama tari. Irin tarin nan mai ƙazanta, mai tahowa daga can ƙasa. Ya yi kaki ya tofar a gwangwanin yashi, ya yi ihu ya kira sunan uwarsa, tsohuwa ta ce, "Yawwa, ƙaro wani." Yarinyar tana bakin murhu tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun tana ƙarama.

Daga nan ya tashi ya ɗauki sandarsa. Ya ɗora ta a bayan wuya, ya rataya hannun hagu. Na dama ya tsaya a hanya. Ya cije, ya ja numfashi, na ga ƙirjin ya buɗe, hannun ya hau a hankali har ya kama sandar. Ya zaga tsakar gidan sau biyu a haka. Na ji yana ce wa tsohuwa kafin a yi girbi zai koma wajen shanunsa.

Na buɗe baki zan yi sallama, sai na tuna abin da sallamata za ta yi. Zai saki sandar, ya nemi riga, ya durƙusa. Na ajiye zumar a gindin danga. Dattijo da ni, na zo har ƙofar gida ban yi sallama ba, in mutanen Kazaure suka ji wannan ma sun samu na faɗa.

Ina juyawa ɓarɓashin goro ya sarƙe ni. Tari ya taso mini gadan-gadan, kuma na san duk gidan nan ba wanda bai san tarina ba. Na toshe baki da hannun riga na kama hanya. Ƙirjina kamar zai tsage, idona yana zubar da ruwa, ƙafata tana harɗewa, ni da haƙarƙarina cikakku ba wanda ya taɓa su. Sai da na kai gindin tsamiyar bakin hanya na sake shi.

Na waiwaya na auna, bai fi taku ɗari biyu ba, Rahamatu. Shi kwana hamsin da takwas ya yi a gidana, ina zaune a bakin ƙofa ina yabonsa.

Ki gai da likitan.

Kawunki, Sama'ilu.